Bango mai ɗaga dunduniya: nazarin wani aikin kwamfuta a Bauchi

Ranar da ɗalibin ya shigo ofishina da kwamfutarsa a hammata, hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe duwatsun Bauchi har ba a hango su daga taga. Digiri na biyu yake yi a fannin injiniyan gine-gine, ni nake duba aikinsa. Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini da ita yana fara'a, ya ce, "Malam, an gama. Na sakar masa girgizar, bangon ko gezau bai yi ba."

Na dubi zanen da ya fito masa. Layi ne guda ɗaya miƙaƙƙe, ya hau ya sauko ta hanyar da ya bi, babu lanƙwasa ko kaɗan. Na ce ya jawo kujera ya zauna, domin bangon da muka shirya zai gina a kwamfuta aikinsa ke nan ya motsa. In har ya tsaya ƙyam, to wani bangon daban ya gina ba tare da ya sani ba. Daga wannan zama muka shafe kusan wata huɗu muna bin aikin layi-layi, kuma abin da muka tarar a ciki ya sa na ga ya dace in rubuta shi saboda masu tasowa a wannan fanni.

Asalin maganar

Yadda aka saba gina bangon kankare mai jure girgizar ƙasa shi ne a haɗe shi da fandisho gam, rodi ya fito daga ƙasa ya shige cikin bango, a zuba su zama abu ɗaya. In girgiza mai ƙarfi ta zo, gindin bangon ne zai tsattsage, rodin ciki ya miƙe ya lanƙwashe, ta haka ya shanye ƙarfin girgizar. Ginin ba zai rufta wa mutane ba, za su fita da ransu, amma sau da yawa shi ginin ya tashi aiki. An ga wannan ƙarara a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan bayan girgizar 22 ga Fabrairun 2011, wadda ta kashe mutum 185. Dogayen gine-gine da dama a tsakiyar birnin ba su faɗi ba, sun yi abin da aka tsara su yi, amma daga baya dole aka rushe su saboda kuɗin gyara ya fi ƙarfin masu su.

Bango mai rangaji wata dabara ce daban. Ana ɗora shi a kan fandisho ba tare da an liƙe su ba. Sai a ratsa igiyoyin ƙarfe ta cikin bututu daga saman bangon har cikin fandisho, a ja su da jak a ɗaure. Bututun ba a cika shi da siminti, igiyar tana sake a ciki daga sama har ƙasa. In ƙasa ta girgiza, bangon zai karkata ya ɗaga dunduniya ɗaya, ya tsaya a kan ɗayar, igiya da nauyinsa su jawo shi ya dawo, ya ɗaga ɗaya gefen, haka har motsin ya lafa ya koma mazauninsa a miƙe. Don kada ya yi ta rangaji ba tsayawa, ana sa masa wasu ƙananan ƙarafa masu taushi a gindi ko a gefe, su ne za su lanƙwashe su sha wahalar, kamar shokazoba a mota. In sun lalace a kwance su a sa sababbi.

Tunanin ya samo tushe ne daga girgizar da aka yi a kudancin Chile a 1960, mai ma'auni 9.5, wadda har yau na'ura ba ta auna wadda ta fi ta ba. An lura cewa wasu tankunan ruwa dogaye masu siraran ƙafafu, waɗanda kowa zai ce su za su fara faɗi, sun tsira, alhali wasu gine-gine da ake gani ƙarfafa sun lalace. George Housner, malami a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, ya zauna ya yi lissafin abin, ya wallafa a 1963. A 1981 aka kammala gadar jirgin ƙasa ta South Rangitikei a Niyu Zilan, wadda aka tsara ginshiƙanta su riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya in an yi girgiza. A 1999 kuma, ƙarƙashin wani shirin bincike mai suna PRESSS da Nigel Priestley ya jagoranta, aka gwada gini mai hawa biyar a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, girmansa kashi 60 cikin 100 na gini na gaske, kuma bangonsa ya fito da ɗan lahani kaɗan. A shekarar 2023 a wannan jami'ar aka ɗora ginin katako mai hawa goma a kan teburin girgiza, shi ma bangayensa masu rangaji ne.

Mu a nan ba mu da teburin girgiza. Abin da muke da shi kwamfuta ce da manhajar OpenSees, wadda aka ƙirƙira a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma kyauta ake samun ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da da kyar ya haɗa kuɗin makaranta. Sai dai ba irin manhajar da za ka zana gini da hannu ka gan shi ba ce. Rubuta mata umarni ake yi layi-layi, ka faɗa mata ga gaɓa kaza a wuri kaza, ga abin da ya haɗa ta da gaɓa kaza. Duk abin da ka rubuta shi za ta lissafa, ba ta tambayar ka ko kana nufin haka.

Bangon da muka zaɓa

Ginin a takarda yake: asibiti mai hawa huɗu, kowane hawa mita 3. Bangon da muka ware don nazari tsayinsa mita 12, faɗinsa mita 3, kaurinsa santimita 25. Kankarensa kubik mita 9 ne, nauyinsa kusan tan 22. A tsakiyarsa akwai igiyoyin ƙarfe takwas da aka ja da ƙarfin da ya kai nauyin tan 100 a haɗe. A cikin kwamfuta, an wakilci jikin bangon da sanda miƙaƙƙiya, gindinsa kuma da wata sanda a kwance mai tauri wadda ba ta lanƙwasa, a ƙarƙashinta an jera sifirin guda ashirin, wato ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo irin na mota. Sifirin ɗin nan su ne wurin da bango ya taɓa fandisho. Girgizar da ya saka ita ce wadda aka auna a garin El Centro na Amurka a 1940, wadda ɗaliban wannan fanni a duniya suka fi amfani da ita, ƙololuwarta kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi.

Kuskuren farko bai ɗauke mu rabin awa ba. Sifirin da ya sa suna danna kuma suna ja. Wato in dunduniyar bangon ta so ɗagawa sai su riƙe ta, tamkar an shafa gam a ƙasa. Na ɗauki littafi na ɗora a kan tebur na ce masa, "Danna shi." Ya danna. Na ce, "Tebur ya tare ka. To ɗaga shi." Ya ɗaga. Na ce, "Tebur ya riƙe ka?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, na gane." A manhajar akwai nau'in sifirin da ake kira ENT, mai karɓar danni kawai, in an ja shi ya saki. Da ya musanya su, layin nan miƙaƙƙe ya lanƙwashe.

A nan na tsayar da shi na hana shi sake sakar wa bangon wata girgiza sai ya yi lissafi da biro da takarda. Nauyin da ke danne bangon a ƙasa tan 122 ne, wato 22 na jikinsa da 100 na igiya. Dunduniya za ta fara rabuwa da ƙasa in ƙarfin da ke son kifar da shi ya kai wannan nauyi sau kashi ɗaya cikin shida na faɗin bangon, wato 122 sau rabin mita, 61 ke nan. In kuma ya tsaya cak a kan bakin gefe ɗaya, 122 sau mita ɗaya da rabi, 183. Duk abin da kwamfuta za ta fitar, dole lanƙwasar layin ta faɗo tsakanin waɗannan lambobi biyu, abin da zai haura sama da haka sai wanda ƙarin miƙewar igiya ya kawo. Muka cire ƙarafan shokazoba, muka tura bangon a hankali daga gefe. Dunduniya ta fara ɗagawa a 61 daidai, layin ya karye sosai a wajen 150. Ran nan ne ya fara yarda cewa biro na iya yi wa kwamfuta shaida.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyewa. Bango mai rangaji in an tura shi an sake shi, an tura ɗaya gefen an sake, zanen da yake bayarwa kamar tuta biyu ne da suka haɗu a tsakiya, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a ƙasa ta hagu. Cikin tutar shi ne ƙarfin da ƙarafan suka shanye, haɗuwarsu a tsakiya kuma ita ce shaidar cewa bangon ya koma inda yake. Nasa zanen a zagayen farko tuta ce kyakkyawa. Da aka tura bangon har samansa ya kauce santimita 24, wato kashi 2 cikin 100 na tsayinsa, sai tutar ta buɗe, bangon ya ƙi komawa tsakiya. Muka duba ƙarfin igiyar bayan an sake shi, daga tan 100 ya faɗo bai kai 20 ba.

Ya kwana uku yana zargin lambobin ƙarfen. Matsalar tana wani wuri daban. Da yake rubuta igiyar, ya bi gaɓoɓin bangon ne hawa-hawa, ya ɗaure ta a kowane hawa, saboda haka ya ga an yi wa rodi a wani misali da ya koya da shi. Ga abin da hakan ya jawo. In bangon ya karkata kashi 2 cikin 100, wurin da yake tsaye a kai bai wuce santimita 30 ba, dunduniya ta ɗaga kusan milimita 54, igiyar da ke tsakiya kuma ta ƙara tsawon milimita 24. In igiyar a sake take tsawon mita 12, wannan ƙari zai rabu, kowace mita ta ɗauki milimita 2. Dama jak ya miƙar da kowace mita da milimita 4.5, jimla 6.5, kuma irin wannan ƙarfe ba ya fara sakin jiki sai ya kai wajen 8 zuwa 9. Amma da ya ɗaure ta a hawan farko, mita 3 kacal suka ɗauki milimita 24 ɗin, kowace mita 8, jimla 12.5. Igiyar ta miƙe ta wuce iyakarta, ba ta sake komawa ba, kamar robar da yaro ya ja fiye da kima. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a cika bututun da siminti, kuma ina ganin babu bayanin da zan yi masa a aji da zai shiga kansa kamar yadda kwana ukun nan suka shigar.

Bulon Baba

Bayan gyara biyun nan komai ya yi kyau. Tuta ta fito, bango ya koma tsakiya, da aka sakar masa El Centro samansa ya ɗan kauce kaɗan ya lafa nan da nan. Shi ya gamsu. Ni hankalina bai kwanta ba, saboda saurin lafawar ya yi yawa. Bango mai tan 22 da ya riga ya ɗaga ƙafa, sau biyu ko uku kawai ya taka ya tsaya.

Akwai wani dattijo birkila da na daɗe ina aiki da shi, tun ina sabon injiniya. Muka same shi a wani wurin gini a wajen Yelwa, na roƙe shi ya zuba mana ɗan kankare mai tsawon santimita 40, faɗi 10, kauri 20, wato faɗi da tsayi ɗaya bisa huɗu, daidai da bangon. Ya ce, "Injiniya, wannan kuma na mene ne? Ko lintal bai kai ba." Na ce, "Baba, rawa muke so mu koya masa." Na yi masa bayanin bangon da ba a haɗa shi da fandisho. Ya ajiye cokalin gininsa ya ce shi a shekarunsa bai taɓa jin an raba bango da gindinsa da gangan ba, amma ya san randa mai faɗin gindi in ta faɗi fashewa take, tulu kuwa sai ya yi ta juyi ya zauna. Ya zuba mana, ya riƙa ba shi ruwa har mako huɗu.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Muka tsayar da bulon a kan katako mai tsawon mita ɗaya, ɗalibin yana ɗaga baki ɗaya a hankali, ni ina riƙe da tef. Lissafi ya ce zai kife in kusurwar ta kai digiri 14, wato in bakin katakon ya tashi santimita 24. Ya kife tef na nuna tsakanin 23 da 24. Wannan lamba ta ɗaya bisa huɗu ita ce kuma ke nuna cewa bangon, in babu igiya, ba zai ɗaga ƙafa ba sai girgiza ta kai rubu'in ƙarfin jan ƙasa.

Gwaji na biyu shi ne wanda muka zo dominsa. Muka share daɓen siminti tas, muka karkata bulon muka sake shi, wayar ɗalibin tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Ana jin sautinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da farko da tazara, sannan yana ƙara sauri yana ƙanƙancewa har ya zama kamar karkarwa ya ɗauke. Wannan saurin da yake ƙaruwa Housner ya bayyana shi: abu mai rangaji ba shi da lokacin kai-komo guda ɗaya kamar lilo, gwargwadon nisan karkatarsa gwargwadon daɗewarsa kafin ya dawo. Ya kuma ba da lissafin ƙarfin da ake rasawa duk sanda gindi ya bugi ƙasa. Ga abu mai siffar namu, kusan kashi 17 cikin 100 ne a kowane bugu, don haka bayan bugu goma abin da ya rage bai kai kashi 16 cikin 100 ba. Gwaje-gwajen da masana suka yi sun sha nuna cewa abu na gaske yakan rasa ƙasa da haka, ya fi daɗewa yana rangaji. Namu bulon ma haka ya yi, mun ƙirga bugu sama da goma sha biyar a bidiyon kafin ido ya kasa rarrabewa.

Na ce wa ɗalibin ya gina wannan ɗan bulo a kwamfuta da tsarin da ya gina bangon, kada ya canja komai sai girma. Na kwamfuta ya tsaya bayan bugu huɗu. Gani ya kori ji.

Abin da ya faru shi ne, a irin wannan lissafi ana ƙara wani abu da ke wakiltar ƙarfin da gini ke rasawa ta hanyoyin da ba a iya ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar gogayya da ƙananan tsagu. An saba sa kashi 5 cikin 100, kuma hanyar da aka fi bi, wadda ake dangantawa da Rayleigh, tana lissafa shi ne daga nauyin gini da taurinsa. Shi ya ɗora nasa a kan taurin farko, na lokacin da bango ke zaune daram. Sifirin ɗin gindi kuwa masu tsananin tauri ne. Manhajar da kanta tana barin wannan lissafi a kashe ga irin waɗannan sifirin, shi ya kunna shi da hannunsa, a tunaninsa adalci ne kowane sashe ya samu rabonsa. Sakamakon haka, ko bayan dunduniya ta bar ƙasa, kwamfuta tana ci gaba da ja mata birki kamar har yanzu tana manne. Gam ɗin da muka kankare a kuskuren farko ya dawo ta bayan gida. Kashi 5 ɗin ma aro ne daga gine-ginen da ke tsattsagewa, bangon da aka tsara kada ya tsage bai cancanci wannan adadi ba.

Muka kashe shi a kan sifirin, muka rage sauran zuwa kashi 2, muka ɗora shi a kan taurin da bangon ke da shi a kowane lokaci. Muka kuma ƙanƙanta tazarar lokacin da kwamfuta ke lissafi a kai, domin bugun gindi abu ne na ƙiftawar ido, in tazarar ta yi faɗi sai ta tsallake shi. Wannan ya sa aikin da ke ɗaukar minti kaɗan ya koma na sa'o'i, sau biyu kuma aka ɗauke wuta batir ya mutu ana tsakiyar lissafi, sai da ya koma kwana da kwamfutar a shagon wani abokinsa mai sola. Da sakamako ya fito, kaucewar saman bangon ta ninka ta da fiye da sau biyu. Har yanzu tana cikin iyakar da muka tsara, igiya ba ta saki ba, bango ya koma tsakiya. Amma da an tsara tazarar tagogi da bututun ruwa da na iskar oksijin na asibitin bisa lambar farko, da bango ya tsira kayan ciki sun kakkarye. Wannan kuskuren shi ya fi tayar mini da hankali cikin ukun, domin na farko da na biyu sun nuna kansu a zane, shi kuwa sakamako mai daɗin gani ya bayar.

Da muka sa girgizar birnin Kobe na Japan ta 1995, wadda ta fi El Centro ƙarfi nesa ba kusa ba, wani abu ya fito wanda ba kuskure ba ne, halin bangon ne. Ɗaga ƙafa yana iyakance ƙarfin lanƙwasa a gindi, amma jikin bangon yana da nasa kaɗawar kamar bulala, kuma wannan ba ta san an saki gindi ba. Ƙarfin da ke tsakiyar tsayin bangon ya ci gaba da hawa. Ɗalibin ya so rage rodi a hawa na biyu da na uku don ya nuna tsarin yana da araha, muka fasa. Haka kuma dole mahaɗin dekin da bango ya zama mai rami dogo, yadda bango zai tashi santimita biyar ba tare da ya ɗaga dekin ya fasa shi ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Duk lissafin nan an yi shi ne a kan cewa kankaren mai ƙarfin 40 ne a ma'aunin dannin da kankare ke iya ɗauka, fandisho kuma ba ya motsi. In bangon ya karkata iyaka, igiya ta kai tan 144, a haɗa da nauyinsa tan 166. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, don haka lodin tirela biyar da rabi ke nan, duk a kan wuri mai santimita 30 da 25, da kaɗan ya fi takardar A4. Wanda ya san yadda ake kwaɓa kankare a yawancin wuraren gininmu, da kwanon awo da shebur, a ƙara ruwa don ya yi saurin zuba, ya san samun 40 sai an tashi tsaye. Muka sake lissafin da 20. Wurin tsayuwar ya faɗaɗa, bakin bangon ya murƙushe tun kafin a kai iyaka, bangon ya ɗan gajarta, igiya ta yi sako-sako. Irin wannan bango a masana'anta ya kamata a zuba shi, a ɗaure bakunansa da zoben rodi kusa-kusa, a auna kowane kwaɓi.

Ƙasa ma da maganarta. Birnin Bauchi a kan dutse yake, har akwai wani nau'in dutse da masana suka raɗa wa sunan garin, bauchite. A nan in ka ce fandisho ba ya motsi ba ka yi nisa da gaskiya ba. Gombe kuwa tana cikin kwarin Binuwai na sama, ƙasarta ta shimfiɗaɗɗen yashi da laka ce, a wasu sassan akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Da muka sa sifirin masu taushi a ƙarƙashin fandisho don kwaikwayon irin wannan ƙasa, sai fandishon ya fara juyawa tare da bangon, buɗewar dunduniya ta ragu, ƙarafan shokazoba ba su samu miƙewar da za su yi aiki ba. Samfurin da ya dace da Bauchi ba a ɗauke shi haka nan a kai Gombe.

Ranar kare aikin, wani malami ya yi tambayar da na san za a yi: "Girgizar ƙasa a Bauchi? Ba ka ga gine-ginenmu ba girgiza ma suke faɗi ba?" Tambayar tana kan hanya, kuma ni kaina ba zan ba wa kowa shawara ya fara irin wannan bango a Bauchi gobe ba. Najeriya tana nesa da bakin faifan ƙasa, wato mahaɗar manyan sassan ɓawon duniya, inda manyan girgiza ke aukuwa, abin da ke kashe mana mutane shi ne ƙarancin siminti da siririn rodi da ƙara hawa a kan fandishon da ba a yi shi don haka ba. Amma ƙasar tamu ba shiru take ɗungum ba. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016, a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018. A maƙwabta, Akra ta sha girgiza mai kisa a 1939, Gini a 1983. A nan Toro cikin jiharmu akwai cibiyar gwamnatin tarayya mai sa ido kan motsin ƙasa. Ƙa'idar BS 8110 da yawancinmu muka koyi zane da ita ba ta da babin girgizar ƙasa, abin da ta tanada na turi daga gefe shi ne kashi 1.5 cikin 100 na nauyin gini. Ga kuma tankunan ruwa a kan dogayen ƙarafa a kusan kowace unguwa da asibiti, irin siffar da ta sa Housner ya ɗauki biro. Ɗalibin ya amsa da waɗannan, ya ƙara da cewa girgizar da ya yi amfani da su na Amurka da Japan ne, sun fi abin da ake tsammani a nan, don haka aikinsa gwajin hanyar lissafi ne, kuma ya rubuta haka ɓaro-ɓaro a babin farko. Ya sa kurakuran nan uku a cikin kundin, kowanne da zanensa na kafin gyara da na bayan gyara. Da farko ya ji nauyin yin hakan, na ce masa wannan babin ne wanda zai zo bayansa zai fi buɗewa.

Bayan mako biyu Baba ya aiko a kira mu. Ashe tun ranar gwaji ya lura bakunan bulon sun fara ɓarewa bayan an sake shi sau da yawa, kuma sautin bugun ya canja, yana saurin tsayawa. Ba tare da mun sa shi ba ya zuba wani, wannan karon ya yanko ƙarfen kwana guda biyu ya dasa a bakunan gindin tun kankaren yana ɗanye. Ya ce, "Injiniya, tunda a kan baki yake tsayawa, bakin za a yi wa takalmi." Na gaya masa cewa a gine-ginen gaske ma haka ake yi, ana sa farantin ƙarfe a kusurwar gindin bango da kan fandisho. Ya ce to a gwada. Muka share daɓen, ɗalibin ya durƙusa ya saita waya, Baba da kansa ya karkata bulon ya sake. Sau ashirin muka maimaita, adadin bugun bai sauya ba daga na farko har na ƙarshe, bakin kuma ko ƙwarzane babu. Ɗalibin ya kwashi bidiyon ya tafi ya daidaita samfurinsa da su.